Black Panther da idon ɗan Zamfara: laccar da anka yi ma matasa masu harkar fim a Gusau

Wannan lacca ce da wani malaminmu ya yi a Gusau, na ɗauka da waya sannan na zauna na rubuto ta yadda ya faɗa, gaisuwar farko kawai na rage.

To jama'a, ɗiyana da ƙannena, tunda kun ce fim ɗin jarumai kuke so mu tattauna, ni ɗaya zan ɗauka, Black Panther na kamfanin Marvel wanda ya fito 2018, Ryan Coogler ya bada umarni. Kun san ya tara sama da dala biliyan 1.3, kuma shi ne fim na farko da anka haska a sinima a Riyad bayan shekara 35 ba sinima a Saudiyya. Amma ba kuɗin ya sa na ɗauko shi ba. Duk yaron da ya zo wajena tambayarshi ɗaya ce, Malam wace manhaja sunka yi amfani da ita? Ba wanda ya taɓa tambayata wa ya rubuta labarin, kuma nan ne ciwon yake.

Mu fara da zaɓen 'yan wasa. Chadwick Boseman shi ne T'Challa sarkin Wakanda, wata ƙasar Afirka da anka ƙirƙira cikin labarin, Ba'amurke ne, amma ya dage sarkin Wakanda ba zai yi magana da harshen Bature ba tunda ƙasar ba a taɓa yi mata mulkin mallaka ba. Wanda ya fito ubanshi, John Kani, dattijo ne ɗan Afirka ta Kudu, shi ya kawo yaren Kosa, shi kuke ji suna yi a matsayin yaren Wakanda. Lupita Nyong'o 'yar Kenya ce, Danai Gurira mai yaƙi da mashi ɗin nan a Zimbabuwe ta tashi, Daniel Kaluuya iyayenshi 'yan Yuganda. Kun ga ba wai an kwaso abokai da 'yan unguwa ba, ko wadda ta fi mabiya a TikTok. Kuma abin da har yau in na tuna jikina ke mutuwa, Boseman tun 2016 anka gano shina da kansar hanji, duk tsalle da dambe da kunka gani da cutar a jikinshi ya yi su, bai faɗa ma duniya ba har ya mutu watan Agusta 2020 shina da shekara 43. Da sunka zo yin na biyu a 2022 ba su sa wani a gurbinshi ba, sai sunka mayar da rashin nashi cikin labarin. Ni dai na ga sun kyauta.

Sai labari. Ku cire rigar damisar nan ku ajiye gefe, mi ya rage? Rikicin gidan sarauta ne irin wanda kakanninmu ke ba mu. Sarki, uban T'Challa, ya kashe ƙanenshi a Okland ta Amurka a 1992, ya baro ɗan ƙanen nan maraya ba wanda ya waiwaye shi, don a rufa asirin gida. Yaro ya girma da ƙullin nan a zuci, shi ne Killmonger da Michael B. Jordan ya fito, ya dawo ya ce ni ma jinin gidan nan ne, ya ƙalubalanci ɗan baffanshi T'Challa, ya jefa shi ƙasan ruwa ya hau karaga. Wallahi duk wanda ya tashi gidan yawa ya san wannan zafin, ba sai an fassara mai ba. Shi ya sa ba ka iya ƙin yaron gaba ɗaya, hanyarshi ta zubda jini ce ba ta da kyau, amma tambayarshi gaskiya ce, kuna zaune kan dukiya 'yan uwanku na wahala, ina amfaninta?

Nan nake so ku natsu. Wakanda gaba ɗayanta kan ƙarfe ɗaya ta tsaya, baibireniyom, ma'adini na ƙasa. Ranar da na fara kallo ban ga Wakanda ba, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na nan Zamfara na gani. Mu ma Allah ya binne muna zinari, amma a 2010 mi ya faru? Mutane na kai duwatsun cikin gida suna daka suna niƙa inda yara ke rarrafe, ashe akwai dalma ciki, ƙurar ta shiga jinin yara, sama da 400 sunka rasu a ƙauyuka irin Dareta da Yargalma da Bagega, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka zo anka kankare ƙasar gidaje anka zuba sabuwa. Inna lillahi. Su can sun ƙirƙiro ma'adinin ƙarya sun gina mai labari duniya ta kalla, mu namu na gaske ne da kaburburanshi, kuma har yau ban ga ɗayanku ya ɗauki kyamara ya tafi wajen uwar da ta binne ɗiya uku ba. Abin na ci mani rai.

To yanzu aikin kwamfuta da kuke ta jira. Wurin ruwan da ake naɗin sarki, dutsen a Atlanta anka gina shi da ruwan gaske na zuba, sai a kewaye da shuɗin ƙyalle, daga baya kwamfuta ta cire ƙyallen ta dasa tsauni da ƙarin taron mutane. Karkandan yaƙi duk zane ne. Tseren motoci kuwa a titunan Busan ta Koriya ta Kudu anka ɗauka da motoci na gaske, shi ya sa kake jin nauyinshi. Amma ku koma ku kalli faɗan ƙarshe cikin ramin ma'adinin, kan layin jirgin ƙasa, nan ne kusan komi kwamfuta ce, kuma nan ne fim ɗin ya fi rauni, T'Challa da Killmonger kamar na wasan gem, ba nauyi ba gumi. Wurin da ya fi taɓa mutane sai bayan nan, su biyu zaune bakin dutse suna kallon faɗuwar rana, magana kawai.

Kyautar Oska ukku da ya ci a 2019 ma ku duba, ta sutura ce da Ruth Carter, ta tsara wurare da Hannah Beachler, sai ta kiɗa. Carter ta ɗauko jan kayan Masai, da bargon mutanen Lesoto, da rawani da shuni irin na Buzaye, wanda mu kullum muna gogayya da shi a kasuwa ba mu ɗaga kai. Mai kiɗan, Ludwig Göransson, Senegal ya tafi ya bi mawaƙi Baaba Maal yawo, ya naɗo ganga mai magana da suke ce ma tama, 'yar uwar kalangunmu ce, ita ke kiran sunan T'Challa, shi kuma Killmonger sarewar Fulani anka ba shi.

Kai yaro kashe fitilar nan, kunna muna wurin gidan tarihi na Landan inda Killmonger yake tambayar Baturiyar da ke aiki wurin yadda kakanninta sunka samo kayan Binin. Ku saurari sarewar, bayan La'asar kowa zai faɗa mani a daidai ina ta shigo.