Lacca: idan alamar lasifika ta ɓace a kwamfutar tebur

An yi wannan lacca ga masu koyon gyaran kwamfuta a Katsina, an kuma rubuto ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla, kar mu zo maganar sauti ya zamana nawa ne ya fara ɓacewa.

Abu uku zan faɗa. Ka kunna kwamfuta, ka duba ƙasa daga dama kusa da agogo, 'yar alamar lasifikar nan da ake ƙara murya da ita, babu. Na farko, yawanci ɓoyewa ta yi, ba abin da ya lalace. A Windows 10 ka shiga Settings, ka bi Personalization zuwa Taskbar, ka nemi wurin kunna alamomi, ka kunna ta murya. In kana sauri, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta sndvol. Ma'aunin murya zai fito ko da alamar ba ta dawo ba.

Na biyu... a'a, ku tsaya tukuna. Fomat! Don Allah, samari, ku daina saurin yin fomat, wato goge komai na kwamfuta a sake sa Windows. Mutum ya ɗauko kwamfutarsa a Keke Napep tun daga Ƙofar Ƙaura cikin ranar nan, alama guda ce ta ɓace, kai kuma ko dubawa ba ka yi ba ka ce, "Alhaji, sai an yi fomat." Kaza ta shiga ɗaki, sai a rushe ɗakin? Ka share masa takardun shago, da hotunan biki, da karatun da ya tara shekara da shekaru. Abin haushin ma, bayan fomat ɗin sauti ya ƙi fitowa gaba ɗaya, don ba ka sa direban Realtek ba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da na'urar sauti, kuma yawancin HP da Dell na hannu da ake kawo mana shi suke amfani da shi. Ka ga an gudu ba a tsira ba. Wancan mai dariya, na san ka taɓa yi. Ku daina, na ce ku daina.

Ina muka tsaya? Yauwa. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka nemi Windows Explorer a jerin manhajojin da zai fito, ka sake tayar da shi. In an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ba shiri, bayan ka kunna ta ka danna Windows da R, ka rubuta services.msc ka duba ko Windows Audio yana aiki. Na huɗu, ko na uku ne, in ka ga jan kuros a kan alamar, ka sake danna Windows da R, ka rubuta devmgmt.msc ka nemi alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Wannan matsalar direba ce.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, tawa alamar tana nan, murya har 100, amma shiru."

To 'yata, zagaya bayan akwatin kwamfutar. Ramuka uku za ki gani: kore na lasifika, ruwan hoda na makirufo, shuɗi na shigar da sauti daga waje. Duba ko ƙannenki sun mayar da wayar lasifikar cikin shuɗin. In a kore take, da wace waya kika haɗa allon? HDMI, wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare? Ai shi ke nan. Windows ta tura sautin zuwa allon, shi kuma wataƙila ba shi da lasifika. Danna alamar, ki zaɓi lasifikarki a jerin. Gobe ki zo ki faɗa mana.