Wace Manhajar Gyaran Hoto Ta Dace da Kyamararka da Aljihunka?

Assalamu alaikum, ma'abota ɗaukar hoto. Bari mu ɗauki misalin wani hoto. Daga bakin kogin Matan Fada aka ɗauko shi a Argungu, ranar bikin kamun kifi, rana ta take tsaka, ga kuma hazo bai gama washewa ba. Babbar rigar dattijon da ke cikin hoton farar shadda ce mai aiki a wuya, amma aikin ya ɓace, ta koma fari fat. Fuskarsa kuma a ƙarƙashin rawani ta yi duhu. Da irin wannan hoto ya kamata ka gwada kowace manhaja kafin ka ba ta datarka, balle kuɗinka.

Kafin a kai ga sunan manhaja, duba irin fayil ɗin da kyamararka take ajiyewa. In JPEG ne, kyamara ta riga ta dafa hoton: kowane launi yana da matakin haske 256 kacal, abin da ya ƙone a farar riga ya tafi ke nan. In RAW ne, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta dafa ba, mai bit 14, matakan sun kai 16,384, shi ya sa sau da yawa ake iya dawo da aikin rigar a kuma buɗe fuskar. Amma RAW na da nauyi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fayil na wajen megabait 25 zuwa 30, wato hotuna 400 na hawan sallah a Birnin Kebbi sun haura gigabait 10.

Wanda aikinsa duka a waya yake, ya fara da Snapseed. Ta Google ce, kyauta ce, kuma bayan an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Shiga Tune Image, ka ja Highlights (wuraren haske) ƙasa har aikin rigar ya fara fitowa, ka ɗaga Shadows (wuraren duhu) kaɗan. Sannan ka ɗauki Selective, ka ɗora ɗigo a kan fuskar, ka matse da yatsu biyu har jan da'irar ya tsaya a fuska kaɗai, ka ƙara haske nan kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga hasken hoton gaba ɗaya: fuska ta fito, riga ta ƙara ƙonewa. Kuma a yi hattara da Saturation, wato ƙarfin launi, domin in ya yi yawa baƙar fata takan koma ruwan lemo, mutum ya kasa gane kansa. A Android, nau'in RAW ɗin da take buɗewa shi ne wanda ake kira DNG.

Lightroom ta waya ita ma tana da ɓangaren kyauta, kuma a ciki akwai Dehaze, mai rage hazo a hoto, wanda ya fi komai amfani a hunturu. Ja shi a hankali. In ka wuce gona da iri, sama takan yi ƙuraje, wani farin layi ya zagaye kawunan mutane. Sai dai gyaran sashe ɗaya na hoto da buɗe RAW na babbar kyamara suna ɓangaren biya, biyan kuma na wata-wata ne. Tun 2013 Adobe, mai Lightroom da Photoshop, ta koma tsarin haya, ba ta sayar da Photoshop a mallaka. Ga wanda ke ɗaukar biki ana biyansa, lissafin yana iya fita. Ga mai ɗauka don nishaɗi, yana biya ko ya taɓa kyamara a watan ko bai taɓa ba.

Yanzu masu kwamfuta. Akwai abin da mutane da yawa ke tsallakewa: kamfanin da ya ƙera kyamararka yana da manhajarsa kyauta. Canon na da Digital Photo Professional, za a tambaye ka lambar da ke jikin kyamara kafin ka sauke. Nikon na da NX Studio. Sony na da Imaging Edge Desktop. Amfaninsu shi ne sun san saitin launin kyamarar, don haka hoton zai buɗe kamar yadda ka gan shi a bayan kyamara, daga nan ka fara gyara. Kowacce RAW na gidansu kaɗai take karantawa. In kyamara ɗaya gare ka, a ganinmu nan ya kamata ka fara, kuma wasu ba za su taɓa buƙatar wuce nan ba.

darktable da RawTherapee kyauta ne, suna karanta RAW na kusan kowace kyamara, amma suna son haƙuri. Farkon buɗe hoto a cikinsu za ka ga ya dushe, ba kamar na bayan kyamara ba. Ba lalacewa ya yi ba, ɗanye ne, kai za ka ɗora masa haske da launi. Ba sa taɓa asalin hoton. Gyaran yana zama a wani ɗan fayil a gefensa, XMP a darktable, PP3 a RawTherapee. In ka kwashe hotuna zuwa filash ka bar waɗannan ƙananan fayiloli, a wata kwamfutar za ka tarar da hoton babu gyara ko ɗaya. Laftof mai ram gigabait 4 zai buɗe darktable, amma kowane ja sai ka jira, batir kuma yana zuba, abin da ba a so in an ɗauke wuta. Gigabait 8 ne inda aiki ke fara daɗi.

Cire wayar lantarki daga sama, goge leda daga ƙasa, sauya bango, wannan wani aiki ne daban, na GIMP ne ko Affinity. GIMP, wadda siga ta 3.0 ta fito a Maris na 2025, ba ta buɗe RAW da kanta, sai ka bi ta darktable ko RawTherapee. Kuma in ka danna Save, fayil ɗin XCF take ba ka, wanda waya ba ta buɗewa. JPEG yana ƙarƙashin Export As. Affinity a da ana sayenta ne, Canva ta sayi kamfanin a 2024, a Oktoban 2025 kuma ta mayar da ita kyauta ga duk mai asusun Canva. Tana buɗe RAW, tana kuma aikin yanka da haɗi, sai dai tsohuwar kwamfuta tana jin nauyinta. In aikin na sau ɗaya ne, Photopea na buɗewa a burauza, har fayil ɗin Photoshop, wato PSD, take karɓa.

Photoshop ɗin da ake zuba wa mutum a shago da 'yan kuɗi kaɗan, wanda aka fasa makullinsa, ku bar shi. Ta irinsa ƙwayoyin satar kalmar sirri ke shiga kwamfutar da kake buɗe asusun bankinka.

Duk wadda ka zaɓa, wajen fitar da hoto ake yawan ɓarar da aikin. Zaɓi tsarin launi na sRGB, in ba haka ba launi yana iya dushewa a wayar mutane da wajen mai wankin hoto. Ingancin JPEG 90 zuwa 95 ya isa. Hoto mai inci 4 da 6 yana son fiksel 1200 da 1800 in za a wanke shi tsaf. In ta WhatsApp za ka tura wa mai wanki, tura shi a matsayin Document, domin turawar da aka saba tana matse hoton ta rage girmansa. Kada kuma ka riƙa gyara JPEG kana ajiyewa a kansa, kowace ajiya tana cin wani abu daga ingancinsa. Ajiye asalin a gefe, ka fitar da kwafi da sabon suna.