Foj ɗinku na yin yashi-yashi? Ga minti 40 ɗin da ake yankewa a bidiyo

Ku kalli yankan foj ɗin nan guda biyu da kyau, wato wata alewa mai laushi da ake dafawa da suga da madara. Suga ɗaya, madara ɗaya, tukunya ma ɗaya na yi amfani da ita, kuma duk rana ɗaya na yi su. Bari wuƙa ta shiga na hagu... kun ji ƙarar? Ƙurus. Gefen duk ya ɓarɓashe, in ka sa a baki sai ka ji kamar yashi mai zaƙi kake taunawa. Yanzu na dama. Shiru, wuƙar ta wuce sumul, kuma wannan in ya hau harshe narkewa kawai yake yi.

Kwanan nan bidiyon foj ya cika ko'ina, irin na sakan 30 ɗin nan, a zuba a tafasa a sauke a juya a yanka, mutane da yawa sun gwada kuma kukan kusan ɗaya ne, ya yi yashi. Wasu sun ɗora laifin kan suga, wasu kan madara, akwai wadda ta ce min har tukunya ta canza sau biyu, wallahi na tausaya mata don na san haushin asarar kaya. Abin da ya faru shi ne tsakanin "a sauke" da "a juya" akwai kusan minti 40 da mai bidiyo yake yankewa, saboda babu abin kallo a ciki, tukunya ce kawai a ajiye. To a cikin wannan zaman ne komai yake gyaruwa ko ya lalace. Don haka sauran matakan zan bi su da gudu, in mun zo nan sai mu zauna.

Kaya, ga su nan kuna gani. Suga giram 400, madara mililita 160, cakulan mara suga giram 60, bota babban cokali 2, ruwan gulukos babban cokali 2, ɗan gishiri, banila. Gulukos ɗin nan kar ku raina shi, aikinsa shiga tsakanin ƙwayoyin suga ya hana su saurin haɗuwa, yana ba ku rangwame in an ɗan yi kuskure. Tukunya mai kaurin gindi, kuma babba, ta ninka kayan kamar sau 3 don madara in ta tafaso hawa take yi ba sallama. Tire kuma a shimfiɗa masa takardar gashi tun yanzu a ajiye kusa da hannu, za ku ga dalili.

Komai ya shiga tukunya ban da bota da banila. Wuta ƙasa-ƙasa, a nan an yarda ku juya, ku juya ma sosai har suga ya narke tas. Ku ɗebo kaɗan a bayan cokali, ya ɗan huce, ku murza da yatsa, in kun ji tsaki to da saura.

Kun ga waɗannan 'yan fararen da suka maƙale a bangon tukunya? Ku riƙe su a rai, za mu dawo kansu. A yanzu dai a jiƙa buroshi da ruwa a wanke su ƙasa, ko a rufe tukunyar minti 2 zuwa 3 tururi ya yi aikin.

Ya tafaso. Cokali ya fita. Ma'aunin zafi ya shiga, kar bakinsa ya taɓa gindin tukunya. Muna neman digiri 112 zuwa 116 a ma'aunin Selsiyos, in naku na Farenhait ne 234 zuwa 240. Ni a 114 nake saukewa. Wanda ba shi da ma'auni ga kofin ruwan sanyi, a ɗiga kaɗan a ciki, a sa yatsu a tattaro, in ya dunƙule ya yi ɗan ƙwallo mai laushi wanda in ka fito da shi yake baje a kan yatsa, ya yi. In ya narke a ruwan bai kai ba, in ya yi tauri kamar ƙwallon roba ya wuce. Wani ɗan abu kuma, kafin ku fara ku tsoma ma'aunin a tafasasshen ruwa zalla, ya kamata ya nuna 100 a wurin da yake daidai da teku, amma duk hawan mita 300 yana rage kamar digiri 1, to in naku ya nuna 98 sai ku rage 2 daga duk lambobin dahuwar nan.

114. A kashe wuta. A sauke a hankali, kar a girgiza. A ɗora bota a sama, a ɗora kawai, kar a juya.

To. Mun iso.

Yanzu ku ajiye cokalin nan nesa. Da gaske nake, ku kai shi wani wuri, don na san yadda hannu yake ƙaiƙayi, ga bota na narkewa a sama tana yin tafki rawaya, ga ƙamshi ya cika kicin, zuciya na cewa ɗan juyi ɗaya ai ba komai. Juyi ɗayan nan shi ne yankan hagun da na nuna muku a farko.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin tukunyar, don in kun gane shi ba za ku ƙara buƙatar a tuna muku ba. Foj asalinsa ƙwayoyin suga ne, ba a raba shi da su, duka yanka biyun nan cike suke da su. Bambancin girma ne. A na dama ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da harshe ba ya iya tsintar su, shi ya sa ake jin laushi, a na hagu kuma sun yi manya har haƙori na jin su.

Lokacin da muka tafasa har 114, ruwa ya ƙone da yawa, abin da ya rage kusan kashi 85 cikin 100 suga ne. Ruwa mai zafi yana iya riƙe wannan sugan a narke, amma yana hucewa kayan na yi masa yawa, sugan yana neman hanyar komawa ƙwaya, jira kawai yake wani abu ya tayar da shi. Juyi yana tayar da shi. Girgiza tana tayar da shi. Ƙwayar suga ɗaya tak da ta faɗo daga bangon tukunya, waɗancan fararen da muka wanke, ita ma tana tayar da shi, don sauran za su zo su manne mata ta yi ta girma.

In kuka tayar da shi yana da zafi, ruwan tsinkakke ne, suga na yawo a ciki yadda yake so, ƙwayoyi kaɗan ne za su fara fitowa kuma duk sauran sugan kansu zai taru, su yi ta ƙiba. In kuwa kuka bari ya huce ya yi kauri, sugan ya matsu iya matsuwa amma ba ya iya tafiya da nisa, kuna fara bugawa sai ƙwayoyi su ɓarke ko'ina a lokaci guda, ba adadi, kowacce ta samu ɗan kaɗan. Kamar a ce jakar alewa ɗaya ce, ka buɗe ta gaban yara 3, kowa zai cika aljihu. Ka jira sai an tashi makaranta gaba ɗaya ka buɗe, kowa ɗaya zai samu. Mu rabon makaranta muke so.

Lambar da muke jira ita ce digiri 43, wato 110 a Farenhait. Ma'aunin yana nan a ciki tun ɗazu, a bar shi inda yake, kar a ciro a mayar, kar a zagaya da shi ana neman wurin da ya fi sanyi, wannan ma juyi ne. Babu ma'auni? A tafa gindin tukunyar da tafin hannu a hankali bayan kamar rabin awa, in za ku iya barin hannun a wurin kuna jin ɗumi mai daɗi ba ƙuna, an zo. Kar a tsoma yatsa a ciki don Allah, sama na iya hucewa ciki na nan da zafinsa, kuma ƙunar suga mugun abu ce, manne wa fata take yi.

Firij fa? A'a. Gefe zai daskare tsakiya na tafasa. In sauri kuke, a zuba ruwan famfo a babban kwano a zaunar da gindin tukunyar a ciki, a hankali, shi ke nan.



Tunda babu abin nunawa yanzu sai tukunya a zaune, bari in ba ku ɗan labari. Foj a Amurka ya taso, wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗalibai mata ne suka yaɗa shi a kwalejojinsu. Akwai wata ɗaliba a kwalejin Vassar da ke jihar New York, Emelyn Hartridge, da ta rubuta cewa ta samu labarinsa daga wanda ake sayarwa a Baltimore a 1886, ita kuma a 1888 ta yi mai yawa don wani gwanjo na makarantar, daga nan ya bazu zuwa wasu kwalejojin mata. Ina yawan tuna su in ina wannan jiran. Sannan akwai tsibirin Mackinac a jihar Michigan da ya yi suna da foj, in kun taɓa ganin bidiyon da ake zuba shi a kan katon teburin dutsen mabul ana juya shi da wani dogon abu kamar shebur, to irin nasu ne. Ku lura da kyau in kun sake gani, su ma in sun zuba ba sa taɓawa nan take, sai dutsen ya sha zafin tukuna. Abin da muke yi da tukunyar nan ke nan, namu dai ya fi ɗaukar lokaci.

Ni ma haka na yi ta fama da farko, tukunya uku a jere duk yashi, na ƙara bota na rage suga ba abin da ya canza, sai ranar da aka kira ni a waya daidai na sauke, na daɗe ina magana, na dawo na tarar ya huce, na buga shi ba tare da sa rai ba. Har yau ina tuna yadda wuƙar ta shige a ranar.

50... 46... 43. Yauwa. Ku ɗauko cokalin katakonku.

Banila ta shiga, yanzu a buga, da ƙarfi kuma ba tsayawa. Zai yi nauyi, hannu zai gaji, minti 5 zuwa 10 ne, in akwai wani a gida ku yi karɓa-karɓa. A nan ido ne ma'auninku, don haka zan matso da kyamara sosai. Kun ga yadda yake sheƙi, fitilar sama ma tana fitowa a jikinsa kamar madubi, in na ɗaga cokali yana zuba kamar igiya ya koma ya shafe. Ci gaba. Yanzu ku duba, layin da cokali ya ja ya fara tsayawa, ba ya rufewa da wuri. Launin ya ɗan yi haske. Ƙarar ma ta canza, ɗazu taf-taf take, yanzu ta koma wani ɗan shuu a jikin tukunya. Ga hasken fitilar nan yana dusashewa... ya tafi.

Yanzu! Tire, maza. Wannan ne dalilin da na ce a ajiye shi kusa, don daga tafiyar sheƙin zuwa daskarewa a tukunya wani lokacin ko minti 1 ba a kaiwa. A juye, a baje, abin da ya bushe a can saman bango kar a kankaro shi ciki, wannan rabon mai girki ne, a cinye da cokali. Mai son gyaɗa ko wani abu mai ƙurus a ciki sai ya zuba daf da tafiyar sheƙin.

A bar shi a waje awa 2 zuwa 3, a yanka.

Saura masu tambayar wancan foj ɗin na kondens, wato madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, da cakulan da ake narkawa a maikurowef. Yana da daɗi ba musu, kuma ba ya yin yashi, don shi kitsen cakulan ne yake daskarar da shi, babu ruwansa da duk bayanin nan. Amma ni a bakina ya fi kama da cakulan mai laushi, ba ya yin wannan narkewar ta na tukunya, ra'ayina ke nan.

Wanda kuma nasa ya riga ya yi yashi yana ajiye yana jin haushi, ko ya ƙi daskarewa sam, kar a zubar. Ga na hagun nan, ku gani. A farfasa a mayar tukunya, a zuba ruwa kamar rabin kofi, wuta ƙasa-ƙasa har ya narke tas ba tsaki ko ɗaya, a wanke bango, a kai shi 114, a sauke.

Cokali ya koma can nesa, a kunna agogo, sai 43.