Awartaki ya tsage: tagulla ko walda?

Assalamu alaikum. Iyayena maƙera da ke zaune a gaba, a gafarce ni, zan yi magana a gaban manya. Ku kuma samari ku matso ku ga abin da ke hannuna.

Awartakin nan na wani yarona ne. Ku dubi wuyansa, tsakanin baki da ramin ƙusa. Kun ga wani siririn layi kamar gashi? Yawanci a nan yake tsagewa, don nan ƙarfin matsi yake taruwa, balle in an bar masa kusurwa mai kaifi lokacin ƙira. Sai kuma halinmu: ya yi ja a wuta, mu tsoma shi cikin ruwa, ya ce cuu. In ƙarfen mai laushi ne zai jure. In kuwa da sifirin ɗin mota aka ƙera shi, ruwan nan zai sa ya yi tauri kamar kwalba, ranar da masaba ta girgiza shi sai ya buɗe.

To, kafin ka taɓa wuta ka san ƙarfenka. Ɗora shi a kan injin wasa ƙarfe. Tartsatsi dogo wanda ba ya fashewa, mai laushi ne. Wanda ke fashewa kamar taurari, mai tauri ne, sai an lallaɓa shi.

Ina yaro na taɓa liƙe irin wannan wuyan da tagulla. Na zuba sinadari, ta narke ta bi tsagar, ta yi kyau har ina nuna wa mutane. Kwana uku ina aiki da shi, ina cikin bugun fartanya bakin ya ɓalle, jan ƙarfe ya sauka a kan ƙafata. Tabon yana nan, wanda ke so ya gani bayan an tashi. Tagulla tana narkewa ne a wajen digiri 900, ƙarfe kuwa sai ya kusa 1,500, kuma tun kafin ta narke ta riga ta saki jiki. Abin da awartaki ke kamawa yana haura 1,000. Ka ga ka ajiye kitse a bakin murhu. Wata matsalar, ƙarfen da tagulla ta shiga ba ya son a mayar da shi wuta a buga, tsattsagewa yake yi. Saboda haka ni ban yarda da ita ba sai a can mariƙi, inda zafi ba ya kaiwa. Kuma a yi ta a fili, farin hayaƙin nan nata yana sa zazzaɓi da dare.

Wuya kam sai walda. Cire ƙusar ka raba shi biyu. Nemo inda tsagar ta tsaya ka huda ƙaramin rami a wurin, don kada ta ci gaba da tafiya. Sannan ka buɗe ta da magagari ta zama kwari har ƙasa. A nan samari ke yin ha'inci, su shafa walda a sama kamar kwalliya, ciwon yana ciki. In ƙarfen mai tauri ne, ɗumama shi zuwa digiri 200 ko 300, ka yi da busasshiyar sandar walda mai lamba 7018. Mai laushi 6013 ta ishe shi. Da ka gama, mayar da shi wuta ya yi ja, ka binne shi cikin toka ya huce da kansa. Ko ɗigon ruwa kada ya gani.

Malam daga baya yana tambayar tsohuwar ƙusa. A'a Malam, a yar da ita. A sa sabuwa da zafinta, a buga kanta, a yi ta buɗe awartakin ana rufewa har ta huce, in ba haka ba zai cije.