Babban hutu ya zo, ina za mu tura ɗaliban injiniya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Ga sharhinmu na yau daga nan Tawa.

Makon jiya na tsaya a wani gareji kusa da tasha, na tarar an ajiye wata tifa da ta ƙi ɗaga bodi. Maigidan garejin ya tsoma yatsa cikin man da ke ɗaga bodin, ya murza, ya miƙo mini hannu ya ce, "Malam, taɓa ka ji." Na taɓa, na ji tsaki-tsaki kamar an zuba rairayi. Ya ce ƙura ce ta bi ta bakin roba ta shiga, ta cinye famfon. Da na tambaye shi wata nawa roba take yi kafin zafinmu ya busar da ita, sai ya ce shi dai in ta fara yoyo yake canzawa.

Bai yi laifi ba, aikinsa gyara ne. Amsar wannan tambaya tana wuyan ɗan jami'a. Ga shi kuma daga Yuli zuwa Satumba ɗalibanmu na injiniya, na Jami'ar Abdou Moumouni da na makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG da ke Yamai, suna hutu. Da yawansu za su nemi abin da ake kira istaj, wato koyon aiki a ma'aikata, su zauna a ofis wata guda, a buga musu hatimi a takarda, su dawo hannunsu ko mai bai taɓa ba.

Fannin da nake magana a kai shi ne sarrafa injina da ƙarfin mai ko ruwa da aka matse, wato haidurolik, da ɗan'uwansa mai aiki da iska. Tushensa ka'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana fiye da shekaru 350 da suka wuce: in ka matsa ruwan da ke rufe, matsin yakan isa ko'ina daidai wa daida. Shi ya sa yaro yake ɗaga mota da jak da hannu ɗaya. Da bar ake auna matsi: tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska kamar bar 2, birkin babbar mota yana aiki da kamar bar 8, man da ke cikin katafila mai haƙa kuwa yakan haura bar 300.

Kusan duk waɗannan injina a ƙasashe masu sanyi aka ƙera su. Mu kuma a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. In mai ya yi zafi sai ya tsinke, in ya haura digiri 80 robobi su fara lalacewa. Da damina kuma, daidai lokacin hutun, raɓa takan taru cikin tankin iskar birki, direban da bai tsiyaye ta ba yana wasa da rayukan mutane a kan hanyar Ƙonni zuwa Dosso.

Ku dubi famfon Vergnet da ake takawa da ƙafa a ƙauyukanmu. Shi ma haidurolik ne: ruwan da ke cikin tiyo yana kumbura wata jakar roba can ƙasa, ita kuma ta turo ruwan sha sama. Ranar da jakar ta fashe, uwayenmu sun koma igiya da guga. Ɗalibi ɗaya da littafi da babur zai iya zagaya ƙauyuka ashirin, ya rubuta wane ƙarfe ko roba ne ke fara mutuwa, a zurfin mita nawa, bayan wata nawa. Wannan bincike ne cikakke, kuma ba sai an sayo na'urar miliyoyi ba.

A Amurka, tun 1987 hukumar kimiyya ta ƙasarsu take ɗaukar nauyin ɗaliban digirin farko su yi kamar makonni goma suna bincike a hutu, da malami mai kula, da kuɗin alawus. Ban ce mu yi gasa da aljihunsu ba. Tsarin nake so mu ɗauka: tambaya guda, malami guda, awo na gaskiya, da ɗan kuɗin mota da abinci, don ɗan talaka ma ya samu shiga, ƴan mata su ma kada a bar su baya.

Wuraren aiki kuwa muna da su. Ga filayen noman rani na Birnin Ƙonni da hukumar ONAHA take kula da su, ga masana'antar siminti ta Malbaza, ga manoman albasa na Galmi da injinan ban-ruwansu.

Malamai, ku fito da tambayoyin tun kafin a rufe makaranta. Masu gareji, ku buɗe wa yaran nan ƙofa, ƙannenku ne. Duk ɗalibin da ya kammala bincikensa, ya zo nan gidan rediyo, za mu ba shi fili ya bayyana abin da ya gano da Hausa, don mai garejin nan na bakin tasha ya ji da kunnensa.

Sai an jima, a huta lafiya.