Kawu ya shiga da karaya, ya kwaso limoniya

Hajiya: Masu saurare, barkanmu da hunturu. Ƙura ta turnuƙe Sakkwato, kowa tari yake. Dakta, kawuna aka kwantar saboda karaya a cinya. Kwana huɗu sai ga zazzaɓi da koren kaki. Me ya haɗa cinya da huhu?

Dakta: Gadon asibiti, Hajiya. In limoniya, wato ciwon huhu, ta taso bayan awa 48 da kwantar da mutum, a can ya kwaso ta. Tsoho yana kwance ba motsi, kaki ya taru a ƙirji. Ƙwayoyin cutar asibiti kuwa, irin su Klebsiella da Pseudomonas da Acinetobacter, cikin magani suka tashi, sun san shi ciki da bai.

Malam: To ai sai a ɗirka masa allura.

Hajiya: An yi! Ceftriaxone, kwana uku, ko gezau.

Dakta: Kun ji ko? Malam, da mura ta kama ka makon jiya, me ka sha?

Malam: Kafso ja da rawaya na sayo a kemis. Guda huɗu. Na ji sauƙi na ajiye.

Dakta: Mura ba ta jin kafso, da kanta ta tafi. Masu raunin cikin ƙwayoyin jikinka ka kashe, ka bar wa masu taurin kai fili. Fleming da ya gano penicillin ya yi wannan gargaɗin tun 1945. A 2019 kaɗai, bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma ciwon huhu ne kan gaba.

Malam: Au, yanzu ni na kwantar da kawun Hajiya?

Dakta: Da mu ma. Likita ya rubuta allura ba a gwada kaki ba, ko a taɓa wannan a taɓa wancan ba a wanke hannu ba. Gwajin kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, shi ke faɗin maganin da zai ci.

Hajiya: Sai daga baya aka yi wa kawu. Sakamako ya ce meropenem. Da na ji kuɗin kwalba ɗaya, sai da na nemi wurin zama.

Malam: Ya jikin nasa yanzu?

Hajiya: Alhamdulillahi, ya fara shan kunu. Tunkiya biyu dai sun tafi kasuwa.