Kaboyin Taliya: 'yan kallo sun riga masu sharhi ganewa

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kan finafinan kaboyi za mu tattauna, amma na Italiya, waɗanda aka laƙaba wa suna kaboyin taliya don tsabar raini.

A 1964 ne daraktan Italiya Sergio Leone ya fito da A Fistful of Dollars, kuɗin aikin ba wani yawa, a busasshen yankin Almeriya na Sifaniya aka ɗauki wuraren daji, jarumin kuma Clint Eastwood lokacin ɗan wasan talabijin ne kawai, dala dubu 15 aka biya shi. Shi kansa Leone ɓoye sunansa ya yi ya sa Bob Robertson wai don a ɗauka fim ɗin Amurka ne. Labarin ma daga Yojimbo, fim ɗin daraktan Japan Kurosawa, aka kwaso shi, rigimar haƙƙin mallaka ta sa Amurkawa ba su gan shi ba sai 1967.

To me ya ɓata wa masu sharhi rai? Sun saba da jarumi tsaf-tsaf mai kare gaskiya, sai ga wani da ƙasumba buzu-buzu, guntun sigari a baki, ido a ƙanƙance, kuɗi ne a gabansa, harbi kuma ba sassauci. Da wani fim ɗin Leone, The Good, the Bad and the Ugly, ya iso Amurka, Renata Adler ta jaridar New York Times cewa ta yi abin ƙyama ne. Mai sharhi Roger Ebert tauraro uku ya ba shi cikin huɗu, sai bayan shekara talatin da wani abu ya dawo ya amsa cewa ya rage masa maki, ya sa shi cikin manyan finafinai.

Su kuwa 'yan kallo tun farko cika silima suke yi, har nan yankinmu kaboyi ya shiga ran samari, a Nijar ma Moustapha Alassane ya yi nasa fim ɗin kaboyin a 1966.

Ni dai wallahi inda nake sallama wa Leone shi ne ƙarshen The Good, the Bad and the Ugly a maƙabarta. Mutum uku a tsaye, minti bayan minti ba mai cewa uffan, kyamara na kan ido, ta koma kan yatsa kusa da bindiga, ta sake dawowa ido, kiɗan Ennio Morricone na ta hauhawa har ka manta kana numfashi. Ku tsaya ku ga wurin, ga shi nan tafe.